Kaka Sisiliya da Kujerar Fada

Kakata Sisiliya ta rasu a 1986, lokacin yankan alkama, a ɗan ɗakin da makaranta ta ba ta kusa da Kura. 'Yar Zangon Kataf ce. Ta biyo mijinta da ya zo aikin haƙa hanyoyin ruwa, da ya mutu kuma ta ƙi komawa gida. Ita ce sakatariyar makarantar, duk takardar jarrabawa daga yatsunta take fitowa. Ɗalibai Iya Tafireta suke ce mata.

Ban taɓa ganin ta yi fashin coci ba. Kowace Lahadi takan hau motar tumatir zuwa Kano, ta takure tsakanin kwanduna da farin kallabinta. Ta dawo da mayafan bagadi, wato teburin ibada na coci, ta wanke, ta goge da dutsen guga na gawayi, ba wanda ya sa ta.

Da ciwo ya kwantar da ita, na baro gidan mijina na zo jinya. Abu ɗaya ta roƙe ni.

"Ladi, je ki kira min Fada, limamin cocinmu. Ina so in yi ikirarin zunubaina, ya shafe ni da mai."

Na bar ta a hannun maƙwabciyarmu Rabi'atu, matar Malam Garzali mai Islamiyya, na shiga Kano. Katikis, mataimakin Fada, na tarar a bakin gidan.

"Ya tafi sa wa sabon gidan wani ɗan kwangila albarka. Wa za a ce?"

"Mama Sisiliya ta Kura. Jikin ya yi tsanani."

"To, za a faɗa masa. Hanyar taku dai ba kyau."

Washegari na koma, na samu Fadan da kansa yana shirin fita. Ya ce gobe.

Da gari ya waye, Kaka ta sa na share ɗakin, na ɗaura mata kallabi, na aro kujera daga ofis na ajiye kusa da gadonta. Duk ƙarar mota a kan titi sai ta ɗaga kai.

"Shi ne?"

"Tukuna, Kaka."

Da yatsunta suka kasa riƙe carbinta, Rabi'atu ta matso ta karɓa.

"Iya, ni ban san abin da kuke faɗa ba. Ki faɗa, ni zan ja miki."

Haka suka yi har muryar Kaka ta dushe. Ana kiran azahar ta cika, fuskarta na kallon ƙofa.

Fada ya zo ranar jana'iza, a mota, da 'yan rakiya. Ya yi doguwar huɗuba. Ya ce Mama Sisiliya ginshiƙi ce, ta mutu a hannun uwarta ikilisiya. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Kawuna ya taɓa ni wai in je in durƙusa in yi godiya. Na zauna abina.

Kafin a watse, masinjan makaranta ya ja ni gefe. Wai shugaban makaranta yana yi mana ta'aziyya, bai samu zuwa ba. A ba da makullin ofis, kuma a kwashe kaya kafin ƙarshen wata, sabon sakatare yana tafe da iyalinsa.

Ban kai ƙarshen watan ba. Na ɗaure kayanta, ƙanin Malam Garzali ya kai min bakin titi a amalanke, na tsaya jiran motar Zariya.