Injin da Ummu Hani Ta Bari

"Sake karanta min layin ƙarshe," in ji Baba Munzali. "Sannu-sannu, Mansura. Kar ki haɗiye baƙi ko guda."

Na matsa kusa da allon kwamfutar na sake karantawa. Turanci ne gauraye da lambobi. Ni malamar firamare ce, bakina na iya furta su, amma ban san abin da suke nufi ba. Shi kuwa ya karkato kunne, idanunsa da ciwon suga ya dusashe suna kallon bango.

"Daga nan hwa?"

"Babu komai, Baba. Ta tsaya."

"Nan taka tsayawa kullum," ya ce, ya jingina da kujera.

Matarsa, Inna Laure, tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faifai. Iyakarta ke nan. Ɗakin na 'yarsu ne Ummu Hani, kuma tun ranar da kwale-kwale ya kife da ita da 'yan biki a wajen Gulma, Inna ba ta sake tsallake dokin ƙofar nan ba. Katifar tana nan yadda aka bar ta, da hijabi ruwan toka rataye a ƙusa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Badariya, cikin Birnin Kebbi. Baba Munzali ya fara da gyaran rediyo, ya koma talabijin, ya ƙare a kwamfuta, har sai da ido ya hana shi ganin ƙananan wayoyi ya rufe shago. Ummu Hani ita kaɗai Allah ya bar musu. Ta karanta kwamfuta, kuma ita ta koya wa mahaifinta rubuta shirin kwamfuta da yamma-yamma, tana yi masa dariya in ya yi kuskure. Da ta rasu, sai ya ɗauki aikin da ta bari bai kammalu ba. Da farko yana ƙara girman baƙaƙen yana gani da kansa. Da hakan ya gagara, Inna ta leƙo ta katanga ta ce ko zan riƙa shigowa bayan na taso daga makaranta.

Ranar farko na tambaye shi mene ne aikin.

"Kin ga kwamfuta wagga?" ya ce, ya dafa ta. "Ƙwaƙwalwar da ke cikinta ta kamfani ta, ruhe take, ba mai leƙawa. Amma akwai wata iri, RISC-V, wadda masu ita sunka buɗe tsarinta ga kowa. Ummu ba ta da ita ga hannu. Sai tar rubuta shiri da zai sa wagga ta dinga kwaikwayon waccan, umarni bayan umarni. Inji cikin inji, ba ƙarhe, ba waya. In kwaikwayon ya yi daidai, Linux, babban shirin da ke tuƙa kwamfuta, zai hau bisa shi tashi, bai san ba ƙarhen gaskiya ba na."

"In bai yi daidai ba fa?"

"Sai shi tsaya. Kamar yadda kika gani."

Haka muka cinye bazara. Ina karantawa, yana saurare, wani lokaci ya ce in koma baya. Akwai wuraren da Ummu Hani ta bar wa kanta 'yan bayanai da Hausa a gefen aikin: "wannan ya yi," "a duba gobe." In na zo kansu sai in rage murya, amma Inna tana ji. Hannunta kan tsaya a cikin faifan.

Ruwan farko ya sauka wata Laraba. Washegari na same shi ya riga ya zauna, ya sa hula, kamar mai jiran baƙo.

"Nemo min wurin agogo cikin shirin," ya ce.

Na nemo, na karanta masa tun daga sama. Bai katse ni ba har na kai ƙarshe.

"Ta gina agogon," ya ce. "Shina tahiya, lahiya lau. Ƙararrawar ta ba ta haɗa ba. Linux shina zuwa nan shi ce, zan ɗan kwanta, in lokaci ya yi a tashe ni. To lokaci shina yi, ba mai tashe shi. Ba mutuwa yay yi ba, Mansura. Jira shikai."

Inna ta ajiye faifan, ta tashi ta shige madafa.

Ya yi mini shifta, ina bugawa da yatsu biyu. Layukan ba su da yawa. Karon farko kwamfutar ta ƙi, na manta wata alama a ƙarshen layi. Karo na biyu ta karɓa. Rubutu ya fara gangarowa kamar kullum, a hankali, ina karantawa. Muka iso layin da na haddace don yawan maimaici, na buɗe baki zan ce ta tsaya, sai wani layi ya fito a ƙarƙashinsa. Wani ya biyo.

"Karanta!" ya ce. Ya kama hannun kujera. "Karanta, ɗiyata!"

Na yi ta karantawa har numfashina ya sarƙe, rubutun ya fi bakina sauri. Can ya lafa. Allon ya yi baƙi, sai layi ɗaya a sama, da ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa a gabansa.

"Mi tac ce?"

Na ƙura wa layin ido. Sai da ya sake tambaya.

"Ta rubuta ummuhani. Sai kuma login."

Ban ji dawowar Inna ba. Na waiga na gan ta tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Wa ak kiran sunanta?" ta ce.

"Sunan da ta sa ma injin na," in ji Baba. "Ya tashi, Laure. Tambaya shikai, wa ke nan."

Na buga sunanta kamar yadda ya umarta. Injin ya nemi kalmar sirri. Muka gwada ranar haihuwarta, ya ce ba daidai ba. Muka gwada sunan Inna, da sunan kakarta ta Argungu, da sunan wata mage da ta taɓa kiwo. Duk sanda muka kuskure sai ya ɗan yi shiru, ya sake fito da sunanta, ya koma jira.

Da na ba mijina Abdussamadu labari, ya ce yana da aboki a wurin aiki da zai buɗe ta kafin a sha shayi. Na kai wa Baba saƙon.

"Ni ma na iya," ya ce. "Komi nata shina hannuna. Sai in zagaya ta baya in goge kalmar in shiga. Amma ita tak kulle. Tun tana ƙarama ban taɓa shiga ɗakinta ba sai na yi sallama ta amsa."

Ya hana a kashe kwamfutar. Ya sa aka jona ta da batirin sola, wanda da shi suke kunna fanka. Na ci gaba da zuwa, amma babu sauran abin karantawa. Yakan zauna gabanta har a kira magariba, wani lokaci ya faɗi kalma in gwada.

A tsakiyar damina gyambon da ciwon suga ya jawo masa a ƙafa ya tsananta. Aka kwantar da shi asibiti, aka sallame shi, ya ce shi gida yake so. Ƙanensa Kalilu ya zo da mota ya tafi da su Argungu.

Na je duba shi wata Asabar. Fadama ta cika, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Gidan Kalilu yana kusa da gulbi, ƙamshin kifin da ake bandawa a maƙwabta ya cika tsakar gida. Na same shi kwance a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ya rame har na ga ƙasusuwan wuyansa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya juyo da fuskarsa da sauri.

"Ummu?"

Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai.

"Ummu, na haɗa miki ƙararrawar. Ya tashi." Ya lalubo hannuna ya riƙe. Tafinsa da sanyi. "Mi kinka sa? Na gwada duk abin da nis sani."

Na so in ce, Baba, ni ce Mansura. Maganar ta zo har bakina ta tsaya. Ban ce ni ce ba, ban ce ba ni ba ce. Kaji suna tono a gefen rumfar.

"To, bar shi," ya ce bayan wani lokaci. Ya saki hannuna. "In kin shirya kya buɗe."

Ya rasu ranar Litinin da hantsi. Kalilu ya ce ya nemi a zaunar da shi, ya sha kunu kaɗan, ya tambaya ko ruwan gulbi ya ƙaru, shi ke nan. Aka rufe shi a maƙabartar da aka rufe 'yarsa.

Bayan an share makoki Inna ta dawo Birnin Kebbi yin takaba. Kwana kaɗan da dawowarta, da la'asar, ta kira ni ta katanga. Na same ta tsaye a ƙofar ɗakin.

"Kwamfutar tana nan kunne," ta ce. "In na gitta sai in ga haske ta ƙarƙashin ƙyaure. Ban iya zama gida guda da abin da ke jira, Mansura. Kashe min ita."

Na shiga. Ƙura ta kwanta a kan allon, na share da gefen mayafina. Sunan yana nan, ɗigon yana ƙyaftawa. Na ɗora yatsa a kan maɓallin, na kasa dannawa.

"Inna, ba zan iya ba."

Sai na ji ta cire takalmi. Ta yi sallama a hankali, ta tsallako, ta zauna a bakin katifar.

"To cire wayar," ta ce. "Mu zauna da ita har ta gaji."

Na cire, ta koma kan batirin cikinta. Muka zauna. A waje yara suna dawowa daga Islamiyya, wani mai Keke Napep yana ta hon a bakin layi. Hasken allon ya ragu da kansa, ya ƙara raguwa. Kafin a kira magariba ya ɗauke.

A cikin baƙin gilashin na ga fuskokinmu biyu, tawa a gaba, tata a baya. Inna ta ɗan matso ta duba, ta sa hannu ta gyara lulluɓinta.