Gonar Baba Haggai a Dagenham

Kwana huɗu ke nan Baba Haggai bai sa komai a bakinsa ba sai shayi, shayin ma rabin kofi. Likitar da ta zo duba shi ranar Talata ba ta ɓoye wa 'yarsa Kachollom komai ba. In Juma'a ta yi bai fara cin abinci ba, za a kwantar da shi a asibiti, daga can kuma da wuya ya dawo gida, sai dai gidan kula da tsofaffi. Yau kuwa Alhamis.

Ba cikinsa ne ke ciwo ba, tunaninsa ne ya fara tafiya. Shekara uku da suka wuce, bayan rasuwar matarsa Mama Dokas, Kachollom ta ɗauko shi daga ƙauyensu da ke bayan Barikin Ladi ta kawo shi gidanta a Dagenham ta ƙasar Ingila, a bene hawa na biyu. Da farko sunan titi yake mantawa, sai sunayen ranaku. Yanzu yakan dubi 'yar da ya haifa ya gaishe ta da ladabi, kamar baƙuwar da ta zo coci yau.

Babu abin da ba ta dafa ba. Ta yi gwate, ta yi tuwon acca da ta sha wuya kafin ta samo a Lewisham, ta yi farfesu. Kowane kwano sai ya dube shi da kyau, ya tura shi gefe a hankali.

"Na gode, baiwar Allah," zai ce, "amma ban je gona ba tukuna."

Dokar gidansu ke nan tun tana ƙarama, shi ya kafa ta, kuma kansa ya fi tsananta wa. Namiji ba ya cin abincin rana sai ya taɓa ƙasa. Ya manta sunan matarsa, ya manta garin da yake, amma wannan doka ta zauna daram. Mijin Kachollom, Nathaniel, direban bas ne mai son gajerar hanya, har ya gwada yi masa dabara. Ya ce, "Baba, ai kun je gona da safe, kun manta ne." Tsohon ya buɗe tafukansa biyu, fes da su, ya nuna masa.

"Da waɗannan hannuwan?"

Nathaniel bai sake gwadawa ba.

Da misalin ƙarfe uku aka ƙwanƙwasa ƙofa. Awabu ce, maƙwabciyarsu 'yar zangon Kumasi, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana girki a kicin ɗin wata makarantar firamare. Ta shigo da leda biyu ba ta jira an ce mata bismilla ba. Hausar Awabu ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinta, kuma ba ta iya magana a hankali ba.

"'Yar'uwa, ka tashi. Ka zauna kana kuka, kuka ne tsoho zai ci? Yau shepherd's pie za mu yi. Yana da taushi, wanda ba shi da haƙori ma yana ci."

"Haba Awabu," in ji Kachollom. "Mutumin da ya ƙi gwate, abincin Turawa zai ci?"

"Wane Turawa? Nama ne da dankali. Ba kai ka ce babanka manomin dankali ne ba?"

Kachollom ba ta da ƙarfin gardama. Ta ɗauki wuƙa ta hau fere. Awabu ta soya albasa har ta yi laushi, ta zuba niƙaƙƙen naman rago tana farfasa shi da cokalin katako, ta kawo karas da koren wake, ta zuba romo, sannan ta waiga ta jefa attaruhu guda ɗaya. Wannan, in ji ta, a makaranta da an kore ta. Dankali ya nuna, suka tace, suka sa bota da madara mai ɗumi, Kachollom ta dinga tuƙawa kamar tuwo har ya yi sumul. Aka juye naman a doguwar tasa.

"Zan je in yi la'asar," Awabu ta ce tana goge hannu. "Ka shimfiɗa dankali a sama, ka ja layi da fork, cokali mai yatsu. Layin ne ke gasuwa. Minti talatin a oven, kar ka wuce."

Da ta fita sai gidan ya yi tsit. A waje yayyafi ake yi, irin wanda ba ya tsayawa kuma ba ya ƙaruwa. Tururi ya rufe gilashin taga har rufin gidajen da ke tsallake ya ɓace, ba ta ganin komai sai duhu-duhu masu kama da duwatsu. Ga sanyi, ga ƙamshin dankali, sai Kachollom ta ji ta a gida. Ta ga shingen kyarana, ta ga hazo kwance a kan tudu, ta ga Mama tafe da ƙwarya a ka. Ta ga kanta, yarinya mai ƙafa duk jar ƙasa, tana bin bayan Baba tana jefa iri. Kowace shekara kunyar ƙarshe ta bakin gona tata ce. Abin da ta haifa nata ne, ba a haɗa shi da na buhu, kuma ko Mama ba ta isa ta tona ba. Kewarsa ta kama ta sosai, alhali yana nan a falo, taku shida tsakaninsu.

Ta shimfiɗa dankalin, ta ɗauki cokali mai yatsu ta fara jan layi daga wannan kai zuwa wancan, hankalinta na can Filato.

"Wa ya koya miki huɗa?"

Saura kaɗan cokalin ya faɗi. Baba ne tsaye a bayanta da rigar sanyinsa mai maɓalli a karkace, mutumin da tun Lahadi sai an kama shi yake tashi. Fuskarsa a murtuke, ita kuwa rabon da ta ga wannan fushin har ta manta daɗinsa.

"Kin bi gangare," ya ce. "Ruwan farko zai kwashe miki ƙasar gaba ɗaya. Dubi nan."

Ta duba. Daɓen kicin ɗin nan a karkace yake, sau uku tana rubuta wa council, hukumar da ke kula da gidajen, ba wanda ya zo. Romon ya gangara gefe guda, har ya fara leƙowa ta bakin tasar. Ita da ke girki a nan kullum ba ta lura ba, shi kallo ɗaya ya yi.

"To Baba, yaya ake yi?"

"Kawo."

Ya karɓi cokalin. Ya juya bayan cokalin ya share layukanta tas, ba ko tausayi. Sai ya gyara tsayuwa, ya ɗan ware ƙafafu, ya sunkuya, ya fara ja a gicciye. Hannun da ke rawa in ya riƙe kofi bai yi rawa ba. Kunya ɗaya, ya tsaya ya duba, ya ɗan lanƙwasa ta a ƙarshe. Ta biyu. Ya bar wa ruwa hanya a gefe. Inda cokali bai yi masa ba ya sa yatsa ya gyara. Can ƙasa-ƙasa ya fara wata waƙar coci da harshen Birom, wadda Kachollom ta yi zaton ta tafi tare da Mama.

Aikin da Awabu ke yi a cikin ƙiftawar ido, Baba ya kusa rabin awa a kansa. Dankalin ya huce, Kachollom ko a jikinta. Ta jingina da firji tana kallo, ta rasa ko a kicin take ko a bakin gona. Da ya kai ƙarshe ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya ja dogon numfashi, har da ɗan gumi a goshi.

"Saura rana," ya ce.

"Ga ta nan, Baba."

Ta sa tasar a oven ta kunna fitilar ciki. Ya ja kujera ya zauna a gaban gilashin, bai ɗauke ido ba, yana kallon kunyoyinsa suna sauya launi daga fari zuwa ruwan ƙasa, romo na tafasa a hanyar da ya bar masa.

Ƙarfe shida Nathaniel ya shigo da jiƙaƙƙiyar jaket. Ya buɗe baki zai yi tambaya, Kachollom ta harare shi, ya rufe. Aka kira Awabu, aka zauna a tebur su huɗu. Kachollom ta kawo ruwan wanke hannu a roba. Baba ya buɗe tafukansa. Dankali ya bushe a yatsunsa, har cikin farce. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya gyaɗa kai ya tsoma su a ruwa. Ya yi addu'a gajeriya, ya gode wa Allah da ya ba da ƙarfin aiki.

Ya ci. Cokali ɗaya, biyu, yana hura zafi. Ya miƙa faranti aka ƙara. Awabu, wadda ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin mayafi, wai attaruhun ne. Nathaniel don murna ya ci faranti biyu, ya miƙa hannu zai kwashe abin da ya rage a ƙarshen tasar.

Baba ya riƙe masa hannu.

"Kai, bar nan. Wannan kunyar ta Kachollom ce."

Nathaniel ya janye hannunsa.

"'Yata ce," ya yi musu bayani a hankali, tun da baƙi ne. "Ta tafi Ingila. Yarinyar nan ba ta cin abinci in tana da damuwa, tun tana ƙarama. Da yunwa za ta dawo." Ya juya wurin Kachollom. "Baiwar Allah, ki ajiye mata. Kar ki bari kowa ya taɓa."

"Ba wanda zai taɓa, Baba," ta ce. "Ni zan ba ta da hannuna."

Ta ɗauki tasar ta shiga kicin ta tura ƙofa. Tagar har yanzu a rufe take da tururi. Ta tsaya a gaban kunyar ƙarshe, 'yar siririya mai lanƙwasa, da shatin yatsansa a gefe. Sai a lokacin ta tuna ita ma tun Lahadi ba ta ci abin kirki ba. Ta ɗauki cokalin da ya yi huɗa da shi, ta ci a tsaye, hawaye na zuba, da sauran ɗumi a dankalin.

Daga falo ta jiyo muryarsa, da ƙarfi, irin ta mai gona.

"Baiwar Allah! Akwai sauran iri? Gobe da sassafe za mu fita."

Ta dubi ledar Awabu, da sauran rabin dankalin a ciki. Ta haɗiye lomar da ke bakinta.

"Akwai, Baba," ta ce. "Zan tashe ku."