Safa a Aljihun Baba

Shekarar da gwamnati ta kwashe komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, ma'aikata da yawa ba su ga hutun ƙarshen shekara ba, Nababa kuwa yana cikinsu. Akwatunan takardu ne jibge a ma'aikatarsu har rufi, oga ya ce ba mai motsawa sai an san na wane ofis ne. Shi ya sa tafiya Funtuwa da aka shirya su uku ta koma ta matarsa Safiyatu da mahaifinsa, wanda ya zo duba ido, zaman bene kuma ya ishe shi. Nababa ya ba su motarsa, ya roƙi Thaddeus, wani direba ɗan ƙauyen Gudu da suka saba, ya kai su.

Ita dai Safiyatu ba ta tafiya ba saƙa. Tun da Helen, maƙwabciyarta a gidajen Garki, ta koya mata riƙe ƙwarashi, hannunta bai sake zama haka kawai ba. Ta saƙa wa tebur riga, ta saƙa wa rediyo, har Nababa ya ce yana tsoron ya yi gyangyaɗi a kujera ya farka da hula a kansa. Yanzu Helen ce da tsohon ciki, Safiyatu kuma ta yi mata alkawarin hula da safa da 'yar riga kafin ta dawo. Safa ɗaya ta kammalu. Ta cusa ta tare da ƙwarashin da dunƙulen zaren ulu ruwan ƙwai a can ƙasan jakar hannu, ta danne da ɗankwali, da niyyar sai an isa ta shige ɗaki ta turo ƙofa sannan ta fito da su. Ta san abin da take yi. Shekarun aurenta sun ja, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, mace irinta kuwa ba ta yawo da kayan jarirai a gaban dangin miji.

Abu ɗaya ta manta, zik ɗin jakar ya daɗe da mutuwa.

Baba yana gaba kusa da direba, ita tana baya ta takure a jikin ƙofa, gyale har goshi. Tsakaninta da shi gaisuwa ce, sai kuma "an gode" idan ta ajiye masa abinci. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa yi mata zancen haihuwa ba, ko da wasa, ko ta bakin wani. Wannan ne ma ya sa take ganin girmansa fiye da kowa a gidan.

Suna fita gari wata tifa ɗauke da tsakuwa ta faɗo titi ba sallama, don a lokacin tifofi sun fi mutane yawa a Abuja. Thaddeus ya taka birki, jakar ta zame daga cinyarta ta kife, kayan ciki suka shige ƙarƙashin kujerar gaba suka ɓulla wajen ƙafafun Baba. Tsohon ya sunkuya, ya tsinto dunƙulen zare ya miƙo baya ba tare da ya waiwaya ba. Ya tsinto ƙwarashin, ya miƙo. Ya sake sunkuyawa, sai ta ga ya daɗe bai miƙo komai ba.

Ta leƙa ta gefen kujera. Safar ce a tafin hannunsa, 'yar mitsitsiya, ya kawo ta kusa da idon da aka duba masa. Ya zura yatsu biyu a ciki, ya zare. Ta ji ya ce alhamdu lillahi can ƙasa-ƙasa, ya maimaita, sannan ya ninke ta ya sa a aljihun gaban rigarsa. Daga nan ya juya ga Thaddeus ya ce ya rage gudu, wannan ai ba tuƙi ba ne, ya lura da ramuka, ba buhun masara ya ɗauko ba.

Thaddeus ya kalli aljihun, ya kalle ta ta madubi, bakinsa har kunne.

"Ah, madam, Allah ya sauke shi lafiya. Oga bai faɗa mana ba fa."

Baba ya ce masa ya kula da titi, amma muryarsa cike take da dariya.

Kunya ta rufe Safiyatu har tafin ƙafarta ya yi gumi. Da wane baki za ta kira sunan ciki a gaban surukinta? A ce akwai, kunya ce. A ce babu, ya fi muni. Ta yi ta juya maganar, har ta samo wa kanta mafita: ta yi shiru sai Funtuwa, ta raɗa wa ƙanwar mijinta, ita ta faɗa wa Inna matar Baba, Inna ta san yadda za ta yi da mijinta idan sun keɓe. Haka ake bi da irin wannan magana, ba wanda zai kalli idon wani. Sai dai tsohon zai yi wuni guda yana murnar banza, wannan kuma ya tsaya mata a rai kamar ƙayar kifi.

Motar ta yi ta rarrafe, manyan motoci ma suna wuce su suna hon. A Zuba Baba ya ce a tsaya. Mutumin da ko goro sai an sayo masa, shi ne ya fita da kansa ya shiga cikin masu kayan marmari yana taya. Aka yi ta lodo abarba da ayaba da gwanda ana turawa wajen ƙafafunta. Ta ji shi da kunnenta yana ce wa mai lemo ya zaɓo masa masu tsami, masu zaƙin ba su zai saya ba. Mai lemon ya leƙo ta, ya yi murmushi, ya ƙara gyara. Ta ja gyale ta rufe fuska, tana fatan ƙasa ta tsage ta shige.

Tana cikin haka ta ji Baba ya ƙwala wa wani kira. Ɗangoggo ne, direba ɗan unguwarsu a Funtuwa, ya gama lodin lemo a akori-kurarsa, har ya tada inji. Ya taho da gudu ya durƙusa ya gaida tsohon a gefen motarsu. Baba ya tambaye shi ko gida ya nufa, ya ce ƙwarai, ko tsayawa ba zai yi ba. Baba ya ce to madalla, su kam a hankali suke tafe, akwai dalili, zai riga su isa nesa ba kusa ba. Ya dafa aljihun rigarsa, ya rage murya, ya ce yana da saƙo zuwa wurin uwar gidansa.

Safiyatu ta san Ɗangoggo, ta san bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Kafin ya sauke lemon nan rabin Funtuwa sun ji. Za ta tarar da gida cike da mata, Inna da hawayen farin ciki, 'yan uwanta na can ƙauye an aika musu. Sannan wata ya bi wata, kowa ya zuba wa cikinta ido.

Ba ta san lokacin da ta buɗe ƙofa ba. Ƙafarta ta ture abarba ɗaya ta gangara ƙasa. Ta durƙusa a nan cikin ɓawon lemo, tsakanin surukinta da baƙon namiji, Thaddeus yana tsaye yana ji.

"Baba." Ta sunkuyar da kai. "Baba, safar nan ta maƙwabciyata ce, Helen. Ita nake saƙa wa. Ni babu komai."

Ɗangoggo ya kawar da kai ya shiga kallon tayar motarsa. Thaddeus ya zagaya baya ya buɗe but, ba abin da yake nema a ciki. Tsohon ya tsaya hannunsa a kan aljihu, bakinsa a ɗan buɗe, fara'ar tana zubewa daga fuskarsa kaɗan-kaɗan. A nan ta ga abin da ya ɓoye mata shekara da shekaru, ta ga yadda yake jira. Shi ma ya san ta gani.

Da ya samu magana, sai ya ce wa Ɗangoggo ya faɗa a gida suna hanya, kowa lafiya, saƙon ke nan. Ɗangoggo ya amsa da sauri ya bar wurin.

Suka shiga mota. Thaddeus ya hau titin Kaduna, ya rasa ko ya taka ko ya sassauta, sai ya riƙe tsakiya. Ƙamshin lemo ya cika motar. Sun ɗan yi nisa Baba ya zaro safar, ya shimfiɗa ta a gwiwarsa ya gyara ninkin, ya miƙo ta baya ta saman kafaɗarsa, idonsa a kan titi.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan," in ji shi. "Tsufa ne ya sa ni azarɓaɓi. Ki yafe mini."

Ta karɓa da hannu biyu. Ba ta taɓa jin ya ba ɗan adam haƙuri ba, yau ga shi ita yake ba wa, a gaban direba, a kan abin da ta kasa ba shi. Ta dunƙule safar a hannunta, ta kifa kai a bayan kujerarsa, tana danne kukan don kada ya ji jijjigarsa a gadon bayansa.