Wutsiyar Saƙo

Mai gyaran waya ya ɓalle murfin baya, ya kanga wayar a ƙarƙashin fitila, ya girgiza kai. Ya ce ruwa ya riga ya ci cikinta. In ya haɗa mata wuta kai tsaye za ta iya tashi sau ɗaya, amma ba zai yi alkawarin za ta daɗe ba. Abin da aka kwashe kafin ta mutu, shi ne aka samu.

"To, Hajiya, hotuna zan fara kwashewa ko muryoyi?"

Yaya ta gyara tsayuwa a bakin rumfar. Daga kantin maganin da take aiki ta zo, da farar rigarta a ƙarƙashin mayafi. Wayar ta mahaifiyarsu ce, Inna, wadda ta rasu a watan jiya. A kwanakinta na ƙarshe a asibiti wayar ta faɗa bokiti.

Ta kira ƙanenta, autansu. Auta ya ce hotuna mana, wannan ma abin tambaya ne? Ya tuna mata hoton nan da Inna take dariya a kan keken ɗinki, shi kaɗai ne suka sani wanda ba ta kare fuska da hannu ba. So yake a faɗaɗa shi a rataye a falo, don yaransa ƙanana ne, nan gaba ba za su tuna kamanninta ba. Muryoyin kuwa, in ji shi, ai rabinsu wutsiya ce.

Haka suke kiran ƙarshen saƙonnin Inna a gidan. Inna ta yi rayuwarta tana ɗinka kayan makaranta, da keken nan ta rene su bayan rasuwar mahaifinsu, tana iya zura zare a allura ba tare da ta duba ba. Amma tsayar da saƙon murya ya gagare ta. Za ta gaisa, ta faɗi abin da take so, ta yi sallama, sannan ta ajiye wayar a cinya tana ci gaba da ɗauka. Sai ka ji ƙarar keke, ka ji almakashi, ka ji ana ciniki da mai kawo yadi, har sai wani ya lura ya aika. Da an ji sallama kowa ke rufewa. Da waya ta cika kuma, saƙonnin Inna ake fara gogewa. Yanzu babu ko ɗaya a wayar kowa.

Yaya ta dubi mai gyara. Tana iya zana fuskar Inna a ranta har tabon da ke haɓarta. Muryar ce ta nema a makon nan, tana tsaye tana sallamar mai sayen maganin tari, ta rasa.

"Muryoyi," ta ce.

Wayar ta kawo haske. Mai gyara bai ɗago kai ba, yana ta kwashewa. Ya gama da muryoyin, ya buɗe wajen hotuna, sai fuskar wayar ta yi fari, ta ɗauke. Ya sake gwadawa, ya hura, ya goga, sannan ya ajiye abin aikinsa ya ba ta haƙuri.

A motar komawa aiki ta sa abin ji a kunne, ta taɓa saƙo ɗaya cikin waɗanda mai gyara ya zuba mata a wayarta. Inna ta gaishe ta, ta tambayi maigida, ta ce a taho mata da man shafawa na gwiwa, na kwalba ba na leda ba. Ta yi sallama. Yatsan Yaya ya tafi zai rufe kamar yadda ya saba, ta janye shi.

Keke ya tashi, ya tsaya. Sai muryar 'yar Yaya, wadda kan je gidan bayan makaranta, tana cewa Kaka ba ki kashe ba.

"Bar shi, ƙawata, na sani. Uwarki ba ta kaiwa nan. Da ta ji sallama take rufewa, kullum sauri kamar an biyo ta. A nan nake gulmarta."

Yarinyar ta yi dariya. Inna ta fara ba da labarin Yaya tana ƙarama, yadda ta ɗinke hannun rigar wani ɗalibi da wuyanta, ta ɓoye ta a bayan ƙofa, aka kwana ana neman rigar. Ta ce ita ta farke ɗinkin da kanta, har yau ba ta nuna ta san wanda ya yi ba.

Kiran Auta ya shigo, sunansa ya rufe fuskar wayar. Yaya ta san abin da zai tambaya, ta kuma san sai ta amsa masa yau. Ta bar kiran ya katse. Saƙon da sauransa, Inna ta koma kan keke tana ɗan waƙe-waƙenta ƙasa-ƙasa.

Kwandasta ya buga jikin mota ya ce Hajiya an iso. Ta ɗaga masa hannu alamar su ci gaba.