Ranar da Oga Lukman Ya Kama Bakinsa

Oga Lukman mutum ne mai son tsari, ko shayi ba ya sha sai lokacinsa ya yi. Shi ne manajan wani kamfanin gyaran motoci a Apo, kuma watansa uku yana shirin kwashe garejin kacokan zuwa Maitama, kusa da masu manyan motoci. Washegari da safe zai sa hannu a takardar hayar sabon wuri. Da ya sa, babu ja da baya, in kuma abin ya ƙi, ma'aikata talatin ne za su rasa abin yi.

Sau huɗu yana kiran mitin, sau huɗu ana ce masa, "Haka ne, oga." Duk da haka hankalinsa ya ƙi kwanciya.

Sai ya nufi wajen Madam Elizabeth, shugabar daraktocin kamfanin, dattijuwa mai baki kamar reza. Ko buɗe takardun da ya kawo mata ba ta yi ba.

"Wa ke fara magana a mitin ɗinku?"

"Ni mana, Madam."

"Ato! Kai da ke ɗauka kana kora, ka ce gabas, wa zai ce yamma? Je ka tara su yau. Ka yi tambaya ɗaya, ka kama bakinka. Kai ne na ƙarshe a magana."

Bayan la'asar ya tara ma'aikatan, ya ce, "Me zai iya kashe mu a Maitama?" Ya yi shiru. Kai, shiru da wuya ga wanda ya saba da bayani! Kowa ya sunkuyar da kai, shi kuma harshensa na ƙaiƙayi, amma ya daure.

Can sai Thaddeus, bakanike mafi daɗewa a garejin, ya gyara murya.

"Oga, tun zuwanka ka taɓa ganin mai mota ya kawo motarsa da kansa? Direba ke kawowa. Maigida cewa kawai yake a kai gyara. Direba kuwa Apo yake so. Nan zai ci tuwon Hajjo mai abincin bakin gareji, ya yi salla, ya miƙe a benci babu mai hararsa. A Maitama, gab da ƙofar maigidansa? Haba! Garejin maƙwabtanmu za su koma kai motocin."

Muhibba mai kula da sito ta karɓe. "Kuma in kayan gyara suka yanke, nan tsallaka titi kawai muke yi. Daga can sai an aiko mutum Apo, rabin yini ya tafi a hanya."

Lukman ya ce, "Duk kun san wannan, kuka zuba mini ido?"

"Oga, ai ba ka tambaye mu ba," in ji Thaddeus. "Gaya mana ka yi."

Kunya ta kama shi, sai kuma dariya ta kuɓuce masa. Wallahi ji ya yi kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Nan take ya buga waya ya fasa hayar, yana ta alhamdulillahi.

Da ya fito, ya hango direbobi bakwai a bencin Hajjo, wani har da minshari. Shekararsa shida yana wuce su ba ko sannu. Ya ce wa Muhibba gobe a ƙaro benci biyu, a kafa musu rumfa. Sannan ya ƙarasa wurinsu ya yi sallama, ya tambayi na farko sunansa.