Ramar Inna Hilja

Tun lokacin kaka Inna ba ta ƙara kiran sunana ba. Shekara hamsin da huɗu ina ɗanta, ni ke hura mata murhu kullum safiya, amma "bawan Allah" take ce mini. Wata rana ma tambayata ta yi ko gyaran famfo na zo. Ni mai saran itace ne, boko bai zauna mini ba, ban riƙe sunan ciwon ba. Na dai san ya share ni daga kanta.

Yayata Sirkka ta zo daga birnin Kuopio da takardu. Ranar Laraba za a kai Inna gidan kula da tsofaffi. Ban yi gardama ba, sau biyu ina tsinto ta a bakin tafki ba takalmi. Abu ɗaya nake so kafin ta tafi, ta san ni ko sau ɗaya ne.

Talatar makon ita ce ranar zamiya a kan dusar ƙanƙara, mako bakwai kafin bikin Ista, kuma Inna ba ta taɓa fashinta ba. Na ciro katakon zamiyar da babanmu ya sassaƙa, na goge ƙarafan gindinsa da kyandir.

"Reino, kanka ɗaya kuwa?" in ji Sirkka. "Shekararta tamanin da uku. In ka karya mata ƙugu kai za ka yi wa likita bayani."

"Zan yi."

"Da wane bakin? Kai da gaisuwa ma sai an roƙe ka."

Amma ita ta sa mata safa biyu da hular ulu.

Tudun bayan coci ya cika, magidanta da matansu, masu goyo, har da masu sanda. An ɗora tukunyar romon wake. A al'adarmu, wanda ya fi kowa nisa a zamiya, ramarsa ce za ta fi tsawo bana. An fi shekara arba'in ba a shuka ramar saƙa a garinmu ba, amma ihun doguwar rama bai mutu ba. Maƙwabcinmu Sulo na hango ni ya ɗaga murya.

"Doguwar rama gidana, guntuwa gidan Reino!"

"Kai da wannan tumbin ai ko ba katako sai ka kai ƙasa," na ce.

Na zaunar da Inna a gaba, na zauna a bayanta na rungume ta. Ba nauyi, kamar damin ciyawa. Ta daɗe tana kallon gangaren. Sai ta cire hular, ta zare tsinken gashinta, furfura ta zubo har baya. Haka mata suke yi a zamanin da, su saki gashi don ramar ta yi tsawo da sheƙi.

Sulo ya tura mu.

Ina kayar da itacen da ya fi hasumiyar coci tsawo gabana bai faɗi ba, amma wannan tudun tun ina ƙarami nake tsoronsa. Ga kuma tsohuwa a hannuna. Iska na dukan fuskata na kafa dugadugaina cikin dusar ƙanƙara. Muka ja, muka ja, muka tsaya cak a tsakiyar gangare. Daga sama ina jin dariyar Sulo.

Sai na ji gwiwar hannun Inna a haƙarƙarina.

"Reino! Matsoracin banza, ɗaga ƙafarka! Tun kana shekara biyar kake gajarta mini rama."

"Inna, me kika ce?"

"Kurma ka zama kuma? Ja mu koma sama, mutane na kallo."

Na kama igiya na ja ta har sama. Sirkka ta tare ni tana tambaya ko an ji ciwo.

"Ta zage ni," na ce. "Da sunana."

Sirkka ta juya baya tana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Karo na biyu na ɗaga ƙafafuna, na runtse ido. Gashinta na dukan fuskata, tana ihun doguwar rama da muryar da na manta tana da ita. Muka wuce inda zamiyar Sulo ta tsaya ɗazu, ba mu tsaya ba sai gindin shingen bakin tafki.

Inna ta shanye romonta tas. A hanyar gida ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, ina za ka kai ni?" Na ce gida. Laraba muka kai ta.

Da ƙanƙara ta narke na shuka rama kunya ɗaya a bayan ɗakin wanka. Ban iya ba, ciyawa ta ci rabi, amma sauran ta kai ƙuguna. Na kai mata dami guda. Ba ta gane ni ba. Ta auna shi da hannunta, kamu ɗaya, kamu biyu, ta gyaɗa kai.

"Ba laifi," ta ce. "Mai gonar nan ya ɗaga ƙafa."