Haula da Nonon Azagor

Haula ta daɗe tana mataimakiya a gidan madarar Elhaji Rabo, cikin Dakoro. Duk direktan da aka kawo namiji ne, kuma ita ke koya masa aikin. Da na ƙarshe ya koma Maradi, Elhaji ya ba ta kujerar, amma da sharaɗi: in damina ta wuce nono bai wadata ba, zai ɗora Nafi'u, ɗan ƙanensa.

Nafi'u kuwa har ya fara gwada tafiyar manya.

"Madam, aikin ga a fada ake yin shi hwa," in ji shi. "Ardo ya shigo kasuwa, a zuba mishi shayi, a sha hannu. Ke ina za ki zauna? Tabarmar maza?"

"Kun sha shayin. Ina nonon?"

"Yana hanya."

"Tun bara yake hanya."

Ta sha gaya wa direktocin baya inda matsalar take. Sukan ce namiji ba ya shiga wurin matan mutane. Yanzu babu wanda za ta roƙa. Ta sa shofer ya kai ta Azagor, rugar ardo.

A ruga ta gaida mazan da ke gindin itace, ta wuce su. Ta iske Inna Habi, uwargidan ardo, tana wanke ƙore. Ta tsuguna ta kama mata.

"Inna, ardo ya yi mana alkawarin nono."

Tsohuwar ta yi dariya. "Shanu nashi ne, ɗiyata. Abin da ya shiga ƙwarya nawa ne. Wa ya taɓa tambayata?"

"Ga ni na zo tambaya."

Mata suka taru, suka faɗi nasu: mota ta zo kafin rana ta yi zafi, a bar na yara da na maruƙa, magana kuma da su za a yi. Haula ta amsa duka.

Gero bai nuna ba, bidon, jarkokin nono, sun fi ƙarfin motar.

Wata ranar kasuwa, tana biro, ofishinta, ta ji muryar ardo a ƙofa yana neman Elhaji, wai mutanen Korahane ma suna so a je musu ɗaukar nono.

"Ba ni za ka gani ba," in ji Elhaji. "Direkta tana ciki."

Haula ta gyara mayafinta, ta ce Nafi'u ya kawo wa baƙo kujera.